Masu Kafa Na'ura a Ƙasar Ƙanƙara

A unguwar Muhaisnah ta Dubai, idan watan Yuli ya kama, ko murfin mota mutum ya dafa da rana tsaka sai ya janye hannu ba shiri. Shi ya sa na yi ta jinjina labarin nan: daga wannan ƙasa mai zafi Cibiyar Hasashen Yanayi ta Daular Larabawa ta tura ƙwararru biyu zuwa Antatika, suka kafa tashar auna yanayi da ta auna girgizar ƙasa. A watan Disambar 2024 ne Daular ta shiga Yarjejeniyar Antatika ta 1959. Da yake sabuwar shiga ce, sai ta jingina da Bulgeriya, wadda ke da sansani a tsibirin Livingston tun 1988, da kuma jirgin ruwan bincike da ke tasowa daga birnin Varna.

Kafa na'ura ai ba abin faɗa ba ne, in ji wanda bai sani ba. To, a can jirgi ba ya samun matsaya a bakin gaɓa. Nesa yake tsayawa, a riƙa jidar kaya da kwale-kwalen roba, in iska ta yarda. Noti ɗaya ka manta a gida, babu shagon da za ka aiki yaro.

Gwanintar tana cikin hango abin da zai lalata na'urar bayan kowa ya watse. Sanyi yana shanye ƙarfin batir, hunturu kuma rana leƙowa kawai take yi ta koma, don haka sola ba ta tara abin kirki. Dole gwani ya zauna ya lissafa wutar da kowace na'ura ke ci, kamar uwargida tana auna tsabar da za ta ishi gida har zuwa kaka. Turken ƙarfen a cikin dutse ake kafe shi, a ɗaure da wayoyi ta kowane ɓangare. Ƙanƙara kan daskare a jikin farfelar auna iska har ta tsaya cak, alhali guguwa na kaɗawa. Mai karanta bayanan da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam sai ya san bambancin iskar da ta kwanta da farfelar da ta ƙage. Duk wannan ɗaurin da safar hannu mai kauri ake yinsa, in an cire ta kuwa yatsu su sandare.

Na'urar girgizar ƙasa ta fi shagwaɓa. Sai an ɗora ta a kan dutsen asali, an daidaita zamanta, an killace ta daga iska da sauyin sanyi, in ba haka ba ta cika kunnen masana da ƙarya. Tsibirin Livingston kuwa ya cancanci a kasa kunne, domin maƙwabcinsa, tsibirin Deception, dutse ne mai aman wuta. Tsakanin 1967 da 1969 ya tarwatsa sansanonin Chile da Birtaniya.

Me ya kai mutumin hamada can? Wanda ya ga yadda ruwan 16 ga Afrilun 2024 ya mai da titunan Dubai kogi ba zai raina ilimin yanayi ba. Sannan birnin a bakin teku yake zaune, ƙanƙarar Antatika kuwa, da za ta narke duka, tekun duniya zai ƙaru da kusan mita 58.