Su, fatsa da ruwan da ba shi da mai shi

Mutumin Nasarawan Doya ko Kudan ko Ikara ba shi da teku, kifin tekun da ya sani shi ne mai ƙanƙara da ake saukewa cikin kwali ranar kasuwa. Amma akwai wani salon fatsa na bakin teku da ya kamata a ba shi labarinsa, domin yana tona wani abu da ƙasar Hausa ta taɓa riƙewa da kyau, yanzu yake suɓuce mata. A tsibiran Bahamas, da Beliz, da kudancin jihar Fulorida ta Amurka, akwai sararin ruwan gishiri mai ɗumi wanda zurfinsa bai wuce gwiwa ba, garau har kana ganin yashi. Mai fatsa ba ya sa tana ko gara. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaure wa ƙugiya da zare har ta yi kama da jatan lande ko 'yar ƙaguwa. Da yake ba ta da nauyin da za a wurga ta, igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska kafin a sauke ta a hankali gaban kifin. Ja-gora na tsaye a kan dakali a bayan kwalekwale yana tura shi da gora, idonsa cikin ruwa yana neman inuwar kifi. Sai a wuni ba a yi jifa goma ba. In kuwa an dace, a zare ƙugiyar, a riƙe kifin cikin ruwa har ya farfaɗo, a sake shi.

Duk masuncin da ya ji wannan dariya zai yi, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai a duba abin da wannan wasa ya haifar. A 2009 Beliz ta yi dokar da ta hana riƙe kifaye uku da masu wannan fatsa ke bi, wato bonfish da famit da tarfon: ka kama, dole ka saki. A 2020 ta haramta tarun shanyawa a tekunta baki ɗaya. Fulorida ta mayar da bonfish da tarfon na kamu da saki a 2013. Tausayin kifi bai kawo waɗannan dokoki ba. Abin da ya kawo su, kuma ya sa suka zauna, shi ne an samu mutanen gari, da yawansu 'ya'yan masunta, waɗanda abincinsu ya rataya ga kifin da ke raye cikin ruwa, tunda baƙo zai biya kuɗin jagoranci da masauki don kifin da wani baƙon ya saki makon jiya. Ko a nahiyarmu akwai irin wannan, a gaɓar tekun Gabon, da kuma kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, inda baƙi ke neman giwan ruwa da tsage da irin wannan ƙugiya. Hujjata ke nan: kifi yana wanzuwa ne a ruwan da wani mai faɗa a ji yake da riba idan an bar shi. Inda babu irin wannan mutum, takardar doka ba ta hana komai.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wajenmu. Asalin su ke nan. Gurbi yana da mai shi, Sarkin Ruwa ne ke rufe shi, shi ke sa ranar buɗewa, a yi shela, garuruwa su taru da koma da homa da gora a faɗa ruwa rana guda. Mai kallo daga nesa hayaniyar ranar kawai yake gani, alhali ƙarfin al'adar yana cikin watannin da ba a taɓa ruwan ba. Argungu ce shaida. Bikin kamun kifinta ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kifin da ya zo na ɗaya a 2020 ya kai kilo 78. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a ruwan da ake tacewa kullum. Ya kai ne saboda yankin kogin Matan Fada da ake yin su a cikinsa a tsare yake har ranar biki, kuma masarauta da masunta da 'yan kasuwa duk sun san abin da za su rasa idan aka karya tsarin. Wani zai ce ai dubban mutane cikin ruwa a sa'a guda ɓarna ce ba kiyayewa ba. Sa'a guda da homar hannu, wadda kifi da yawa ke kuɓuce mata, ba ta kai kwana ɗari uku da taru mai ƙananan idanu ba.

Yanzu a dawo gida, ƙasar Makarfi. Ruwanmu rafuka ne da fadamu da kududdufai, sai manyan madatsu da ke maƙwabtaka da mu, Tiga ta jihar Kano da aka gama a 1974, da ta Galma a ƙasar Kubau. Darajar fadama a nan rake ce da tumatir, don haka mai faɗa a ji a bakin rafi shi ne mai injin ban-ruwa, kuma shi kifi ba ya cikin lissafinsa. Fatsa an bar wa yara. Ruwan da ba na kowa ba kuwa kowa gaggawa yake yi da shi, domin abin da ka bari yau wani zai kwashe gobe. Daga nan ake samun gidan sauro ya zama koma, yana tace 'ya'yan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba. Daga nan ake samun mai zuba maganin ƙwari a gurbi, abin da ya zarce magimfar da kakanni suka sani nesa ba kusa ba, tunda guba irin Gamalin tana daɗewa cikin ruwa da jikin kifi, ta bi shi har tukunya. Doka kuwa akwai ta tun 1992, lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta guba da nakiya da lantarki a kamun kifin ruwan cikin ƙasa, ta kuma ƙayyade idon taru. Ma'aikacin da zai tsaya bakin rafin ƙauye da tsakar dare shi ne babu, kuma ba za a samu ba.

Akwai suka guda biyu masu nauyi. Na farko na addini ne da na yunwa. Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta sa farauta don wasa cikin makaruhi, kuma soka wa halitta ƙugiya a baki don a ɗauki hoto ba abin da Musulmi zai yi alfahari da shi ba ne. Su kansu masu binciken can sun nuna cewa wani kifin da aka saki a gajiye manyan kifaye ke cinye shi nan take. Na yarda da wannan suka ɗungurungum, shi ya sa ban ce a kawo mana wasan ba, balle ma babu baƙon da zai taso daga Ingila don tarwaɗar Gubuci. Amma mayar da ɗan kifi ruwa don a ci shi ya girma baɗi ba wasa ba ne, ajiyar iri ce, kamar yadda manomi ba ya surfa dawar shuka komai tsananin bazara.

Suka na biyu ya fi ƙarfi: ruwanmu ƙafewa yake yi, kifin da ka bari a watan Maris rana za ta kashe shi. Gaskiya ne game da kududdufi da ƙaramin tafki, kuma waɗannan a yi musu su a kwashe tas, babu asara. Sai dai ba duk ruwa ke ƙafewa ba. A yawancin rafuka akwai gurbi mai zurfi da ke kai wa damina, kuma a nan iyayen kifi ke ƙetare rani. Tarwaɗa na iya shaƙar iska, don haka tana jure laka da ruwa kaɗan, gaiwa ma binne kanta take yi. Da ruwan farko ya cika rafi, tarwaɗa ke hawa cikin ciyawar fadama da dare ta zuba ƙwai, kuma a daidai wannan lokaci ake fita da fitila da adda ana sare ta, cikinta cike. Uwar karfasa a baki take rainon ƙwanta, duk wadda aka kama a lokacin an kama ɗaruruwa tare da ita. Kifin shekara gaba ɗaya ya rataya ne ga 'yan gurabe kaɗan da 'yan makonni kaɗan, kuma wannan ba ya fin ƙarfin dagaci da masu unguwanninsa.

Abin da ya rage shi ne ribar mai tsaro, wadda in babu ita zancen ya zama wa'azi. A Beliz kuɗin baƙo ne, a Argungu biki ne, a nan kuwa ranar su ce kanta: gurbin da aka tsare shekara yana ba gari kifin da za a raba, da kason wanda ya yi gadi. Hakimai da dagatan Makarfi da Kudan da Ikara za su iya zama da masuntansu da masu injin ban-ruwa kafin damina mai zuwa, su ambaci guraben da ba za a tsotse ba kuma ba za a zuba musu komai ba, su hana saran tarwaɗa a ruwan farko, su damƙa kowane gurbi hannun mutum guda da sunansa, su kuma faɗi kasonsa a bainar jama'a.