Sojojin Roba da Maƙiyin Cikin Gida: Nazarin Jigon Ta'addanci a Littafin Zane na G.I. Joe (1982-1994)

Gabatarwa

Manazarta adabi a wajenmu ba su cika waiwayar labarin da ake bayarwa cikin zane ba, wato abin da ake kira bande dessinée da Faransanci, sai fa in an zo maganar koyar da karatu ko wayar da kai. A wannan ƴar takarda za mu dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai, G.I. Joe, wanda kamfanin Marvel na Amurka ya yi ta bugawa wata-wata daga 1982 zuwa 1994, har lamba 155. Jigonsa na fili shi ne karon wata zaɓaɓɓiyar rundunar sojan Amurka da ƙungiyar ƴan ta'adda mai suna Cobra. Tambayar da muka sa gaba ita ce: wane irin maƙiyi marubucin ya ƙera, kuma ina ne ubangidansa ya taka masa birki?

Marubuci da ubangida

Ba don adabi aka haifi littafin ba. Kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ne ya fito da sojan roba mai wannan suna tun 1964. Da yaƙin Biyetnam ya sa jama'a suka ƙosa da kakin soja, sai aka mai da shi mai yawon kasada, daga baya aka daina yin sa. A 1982, zamanin Shugaba Reagan, aka dawo da shi ƙarami, tsawonsa kusan santimita 10, aka nemi Marvel ta yi masa labari. Aikin ya faɗa hannun Larry Hama, Ba'amurke mai asalin Japan, wanda ya yi aikin soja daga 1969 zuwa 1971. Shi ne kuma ya rubuta akasarin ƴan bayanan da ake bugawa a bayan kwalin kowane soja: sunansa, garinsu, gwanintarsa da halinsa, kamar dai kirari.

Ke nan matsayin Hama bai yi nisa da na makaɗin fada ba. Ubangida ke zaɓen wanda za a wasa: duk sabon soja ko jirgi ko tankar yaƙi da za ta shiga kanti bana, dole a nemo mata gurbi cikin labari. Amma kowa ya san makaɗin da ya iya bakinsa yakan saka habaici a tsakiyar yabo, fada ta saurara ta yi kyauta. A ganinmu, a wajen siffanta maƙiyi ne Hama ya ajiye nasa habaicin.

Warwarar jigo

Mai karatu na shekarun 1980 zai zaci ɗan ta'addar labarin Amurka baƙo ne, ko ɗan kwaminis ko mai rawani. Hama bai bi wannan hanya ba. Shugaban Cobra, mai rufe fuska da ƙyalle ko da kwalkwali, Ba'amurke ne, tsohon dillalin motoci na hannu. Ɗan'uwansa ya mutu a haɗarin mota, shi kuma ya ɗora laifin taɓarɓarewar rayuwarsa a kan gwamnati da manyan masu kuɗi. Dukiyar ƙungiyar ta faro ne daga kasuwancin damfara, irin wanda kuɗin na baya ke biyan na gaba. Cibiyarta ta farko kuwa ba kogon dutse ba ce. Wani ƙaramin gari ne mai suna Springfield, wanda kasuwa ta mutu a cikinsa, Cobra ta zo da aikin yi da albashi, mutane suka miƙa wuya. A sama tituna ne masu tsabta da shaguna, a ƙarƙashin ƙasa makamai. Amintattun dakarun ƙungiyar su ne lauyoyi da masu lissafin kuɗi, waɗanda ke zaune cikin unguwa da iyalinsu, maƙwabci bai san komai ba.

Wurin da wannan habaici ya fi fitowa shi ne lamba 40 da 41 na 1985. Cobra ta yaudari sojan Amurka suka jefa bam a kan wata tsagar ƙasa a ƙarƙashin tekun Meziko, tsibiri ya ɓullo. Ana cikin gwabzawa a kansa, lauyoyin ƙungiyar suna can suna neman a amince da tsibirin a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, suka kuwa samu. Aka umarci sojojin su janye, alhali nasara na hannunsu. Yaron da ya sayi littafin don kallon harbe-harbe ya tashi da darasin cewa takarda da sa hannu sun fi bindiga. Haka nan gefen jarumawan ma ba a bar shi fes ba, domin akwai wani gungun janar-janar a Pentagon da ke amfani da rundunar don biyan bukatarsu.

Ta fuskar salo, lamba 21 ta 1984 ta isa misali. Babu kalma ko ɗaya ta magana a cikinta. Snake Eyes, sojan da ya rasa murya kuma fuskarsa ta ƙone, ya dira wata fadar Cobra don ceto abokiyar aikinsa Scarlett, ya yi karo da Storm Shadow mai fararen kaya. A shafin ƙarshe abin da ke rufe hannun kowannensu ya yaye, sai ga tambari iri ɗaya a fatar hannuwansu. Kamar tsagar gado a fuska, alamar ta faɗi asali ba tare da an buɗe baki ba: gida ɗaya ya horar da su. Daga baya aka nuna sun yi yaƙin Biyetnam tare, kuma haɗarin motar da ya kashe ɗan'uwan shugaban Cobra shi ne ya kashe iyayen Snake Eyes da ƴar'uwarsa, suna hanyar zuwa taryarsa. Jarumi da ɗan ta'adda daga ɓaraguzan mota guda suka fito.

Inda gizo ke saƙar

Duk da haka ba za mu rufe ido ga raunin littafin ba. Cobra ƙungiya ce maras aƙida, ba ta da wata manufa sai mulki da kuɗi. Wannan ya kuɓutar da marubucin daga zagin wata al'umma ko addini, abin yabo ne. Amma ya cire wa ta'addancin haƙora. Da wuya a ga kasuwar da aka ƙona, ko ƙauyen da aka tasa, ko mata da yara a kan hanya ɗauke da kaya. Wanda ya ga abin da ya sami yankin Diffa daga 2015 ba zai gane wannan kalma a jikin mutanen Cobra ba, masu kaya shuɗaye da motoci masu ban sha'awa. Dalili kuwa a fili yake: su ma ƴan ta'addar haja ne, ana sayar da su a kanti ɗaya da jarumawa, dole yaro ya so su.

Ko mutuwa ma sai da ta bi tsarin kasuwa. A talabijin, inda aka fara nuna labarin a 1983, matuƙin jirgin da aka harbo yakan sauko da laima lafiya lau. A littafin ana mutuwa, kuma a lamba 109 ta 1991 an bindige sojoji kamammu cikin rami, a wata ƙagaggiyar ƙasar hamada. Shafukan suna da nauyi ƙwarai. Sai dai in aka duba sunayen mamatan, tsofaffin taurari ne na 1982 zuwa 1987, waɗanda yayinsu ya riga ya wuce a kanti. Ubangida bai yi hasarar komai ba.

Sai a lamba 155, ta Disamba 1994, da za a rufe littafin, marubucin ya sami sakewa. Babu wani babban gumurzu. Wani saurayi, ɗan tsohon abokin yaƙin Snake Eyes, ya rubuto yana son shiga soja, bebe kuma ya ba shi amsa a wasiƙa: ya zayyana masa ƙazantar fagen daga, da abokan da suka mutu, da yadda ake komowa gida ba mai tarya, bai kuma hana shi ba. A nan mai karatu ya ji cikin sojan da ya yi shekara 12 kusan bai ce uffan ba. Cobra kuwa tana nan ba a ci ta ba. Kamfanin IDW ya sake ɗauko labarin a 2010 daga inda ya tsaya, da Hama ɗin dai, har lamba 300 a 2022, sannan Skybound ya karɓa daga lamba 301 a 2023.