Jinjina ga makanikan Damagaram

Duk direban da ke bin hanyar Tanut ko Magariya ya san yadda gargada ke kwance robar bayan taya, mai tare laka da tsakuwa. Maƙalan roba na kamfani ba sa jure ranar Damagaram; ta gasa su, su karye. Sannunku da aiki, makanikan Zinder! Ku kan huda ƙarfen motar, ku zura ƙusa mai noti, ku sa faifan ƙarfe don kada robar ta yage, ku ɗaure tamau. In ta mutu, sai ku yanko tsohuwar tayar babbar mota, wadda ma ta fi ƙarko. Ladan aikin kaɗan ne, amma mai babur da ke biye da motar a lokacin damina ya tsira daga feshin taɓo.