CouchDB, rumbun da aka yi domin irin rezonmu

Jama'a, in ana zancen rumbun bayanai na gajimare, ni na daɗe da zaɓar ɓangare, kuma ba na ɓoyewa: CouchDB ne gwanina. Ku ƴan MongoDB Atlas na san za ku taso mini da zancen sauri, da kyawun allo, da megabayit 512 ɗin nan na kyauta. Ban musa ba, tun fitowar Atlas a 2016 ya raba mutane da wahalar kafa sabar da hannu. Amma ku ɗauki salula, ku sauka daga kwaltar Tasawa ku nufi Urafan, ko ku shiga ƙauyukan Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi, inda sandar rezo kan leƙo ta ɓace kafin mutum ya gama sallama. In kun dawo sai mu ƙarasa gardamar.

Tun daga siffar takardar abin yake burge ni. Duk wanda ya taɓa riƙe lissafin bankin hatsi ya san manoma biyu ba sa zuwa da kaya iri ɗaya. Wannan ya kawo tiya arba'in ta hatsi, wancan buhun wake da rabin buhun riɗi, wata ta kawo gujiya ta ce a rubuta da sunan ɗanta, bashin bara kuma yana kanta. A rumbun jadawali sai ka yi ta ƙara ginshiƙi kana barin gurabe fayau. Nan kuwa kowa da takardarsa ta JSON, sakakkiya, mai yalwa, mai karɓar duk abin da ka ɗora mata, jeri cikin jeri, har hoton rasit ka liƙa mata a jiki ta tafi da shi duk inda za ta. Ba ruwanta da siffar ta maƙwabciyarta. Kai, abin daɗi!

Amma Atlas ma yana da wannan, har ya fi iya bincike a ciki. Abin da ya sa na mato a kan CouchDB shi ne musayar kwafi. Ga ƙaramarsa PouchDB zaune cikin burauzar salula, cikakken rumbu ce mai zaman kanta, ba ta jiran izinin kowa. Magatakardan ƙungiya yana zaune gindin gawo a Kanan Bakashe, ba rezo ko na rantsuwa, ya rubuta, ya gyara, ya bincika, komai na tafiya sumul. Ranar kasuwa ya shigo gari, salular ta shaƙi rezo, ita da kanta ta gaisa da sabar, su tambayi juna me ya canza tun rabuwa, su miƙa wa juna sabbin takardun kawai. In rezo ya yanke ana tsakiyar aiki, ba a koma farko ba: akwai alamar da kowane ɓangare ya ajiye ta inda aka tsaya, daga nan za a ɗora. Wanda ke sayen megas da jikarsa ta gumi ya san darajar wannan. Kuma duk ta HTTP ake yi, hanyar da kowane shafin intanet ke bi, ba wata ɓoyayyar ƙofa.

Ku zo mu tsaya a kan `_rev`, domin nan ne gwanintar take. Kowace takarda tana da `_id`, sunanta ke nan, tana kuma da `_rev`, lambar da ke nuna zubi na nawa ne. A ce magatakarda ya rage wa wata mata tiya biyar a salularsa can ƙauye, ma'aji kuma a Mayahi, rana ɗaya, ya rubuta cewa ta biya bashi, kowa bai san da aikin ɗan uwansa ba. Tsarin da ba a gina shi da wannan tunani ba, wanda ya zo ƙarshe shi ke taka na farko, shi ke nan, magana ta ɓata, sai rigima ranar rabo. CouchDB ba ya zubar da ko ɗaya. Yakan zaɓi zubi ɗaya ya sa a gaba, ta ƙa'idar da kowace na'ura za ta bi ta fito da zaɓi iri ɗaya ko ba su yi shawara ba, ɗayan kuma ya adana shi a gefe da tambarin saɓani, har mai hankali ya zo ya duba ya sasanta. Halin dattijon kirki ne a zauren sulhu, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji bakin kowa. Duk lokacin da na buɗe Fauxton, allon kula da CouchDB, na ga zubi biyun nan zaune lafiya suna jirana, wallahi sai in ji wani sanyi a raina.

Kada wani ya ce son zuciya ne kawai ke magana. Damien Katz ya fara wannan aiki a 2005, aka rubuta shi da Erlang, harshen da Ericsson ya ƙera domin na'urorin tarho waɗanda ba a yarda su mutu ba, gidauniyar Apache kuma ta rungume shi a 2008. Shaidar da ta fi faranta mini rai kuwa daga Kano ta fito, nan kusa da mu. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babbar cibiya a Kano, da CouchDB da PouchDB ta gina manhajojin da aka yi aiki da su a yaƙin Ebola na 2014 da 2015 a Afirka ta Yamma, lokacin da ake bin duk wanda ya cuɗanya da mara lafiya har kwana 21, a wuraren da rezonsu bai fi namu ba. Community Health Toolkit, wanda ma'aikatan lafiya na ƙauye ke riƙe da shi a ƙasashe da dama, shi ma a kan wannan tubalin yake. Abin da ya ɗauki nauyin rayukan mutane a irin wannan hali, lissafin hatsinmu ba zai gagare shi ba. Mai son a riƙe masa sabar a gajimare kuma ga Cloudant, wanda IBM ya saya a 2014, yana jin yaren CouchDB sarai, yana da matakin kyauta da ya isa gwaji.

Ƙorafi? Akwai, masoyi ma yakan yi. Bincike ba fagensa ba ne. Mango, hanyar binciken da ta zo da zubi na 2.0 a 2016, ya rage zafi, amma tambaya mai ɗan zurfi sai ka koma rubuta MapReduce da JavaScript, ka zauna jiran fihirisa ta ginu. Ba ya iya hana mutum karanta takarda ɗaya cikin rumbun da aka ba shi izini, shi ya sa ake ƙarewa da buɗe wa kowane ma'aikaci rumbunsa. Takardar da ka goge ma tana barin ɗan kabarinta a baya. Sannan kuɗin gajimare da dala ake biya ta katin banki, manyan cibiyoyin da suka fi kusa da mu kuma suna Turai ko Afirka ta Kudu. Duk na ji, na gani, ina nan daram.

To, inda CouchDB ya gaji, nan nake kiran ɗaya abin ƙaunata, Neo4j, ɗan ƙasar Suwidin, kyakkyawa, mai kaifin basira, mai ɗaukar ido. Shi ba takarda ce damuwarsa ba, alaƙa ce. Mutum ƙulli, ƙauye ƙulli, ƙungiya ƙulli, tsakaninsu kuma zare mai suna da kibiya. Ku dubi asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu duniya. Wace ta ranta, wace ta tsaya mata, wace ke cikin ƙungiya biyu, wace ce in damina ta ƙi mata mutum biyar za su jijjiga tare da ita? A jadawali wannan tambaya haɗe-haɗe ce mai sa ciwon kai. A Cypher kuwa, harshen tambayar Neo4j, zana ta kake yi: `(a)-[:TA_TSAYA_WA]->(b)`. Dubi baka biyun nan, dubi kibiyar! Ka danna, allo ya cika da ƙwallaye masu launi suna lilo, ka ja ɗaya sauran su biyo shi, nan take ka ga matar da rabin unguwa ke rataye a wuyanta, wadda ba a taɓa lura da ita a littafi ba. Da wannan kayan aiki ƴan jaridar ICIJ suka bi zaren Takardun Panama a 2016, takardu miliyan 11.5, suka gano wa ke ɓoye bayan wane kamfani. A 2024 kuma ISO ta fitar da GQL, daidaitaccen harshen tambayar irin waɗannan rumbuna, wanda ya ɗebi kamanni da yawa daga Cypher. Mu masoya mun ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai dai AuraDB, wato Neo4j na gajimare, ɗan birni ne. Ba rezo, ba shi. Na kyautar ma in ka bar shi ƴan kwanaki ba ka taɓa ba sai ya yi barci, sai ka je ka tashe shi. Don haka ba na kai shi daji. Salula da PouchDB su yi ta tattara bayani a Korgom da Sarkin Hausa, su zuba wa CouchDB in sun samu hanya, ni kuma a Tasawa, in akwai kuran, ɗan gajeren shiri yana sauraron `_changes`, wannan kyakkyawan jerin da ke faɗin duk takardar da ta motsa, yana mai da kowane rance zare a Neo4j. Wanda yake da hanyar haɗa su da ta fi wannan tsabta, don Allah ya neme ni mu zauna, shayi a wuyana.