Jinjina ga Dukawan Kuben Bindiga a Amurka

Tun 2013, da jihar Ilinoi ta bi sahu, dukkan jihohin Amurka 50 suka halatta ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye bisa sharuɗɗa, darajar masu ɗinka kubenta ta ƙaru. Gwaninsu yakan jiƙa fatar shanu, ya matse ta jikin samfurin bindigar har ta ɗauki siffarta, ya rufe kunama ruf, ya daidaita kuben da ɗamara mai tauri don nauyi ya bazu a ƙugu. Wani zai ce ai wannan neman jin daɗi ne kawai. Ina! Kuben da ke cizon ƙugu cire shi ake yi, bindigar da aka ajiye barkatai kuwa ita yaro ke tsinta. Ashe sauƙin ɗaurawa ma kariya ne. A gaishe ku, dukawa.