Jigon Haske da Duhu a Labaran Ci-rani: Tsokaci Daga Mil 12

Duk mai bibiyar gajerun labaran da ɗalibanmu ke rubutawa game da rayuwar Hausawa a Ikko zai lura da abu guda. Da zarar marubuci ya so nuna ƙunci, sai ya ce NEPA ta ɗauke wuta, tauraronsa ya zauna cikin duhu yana begen gida. A ganinmu wannan salo ya tsufa, domin ita kanta NEPA ta koma PHCN tun 2005, kuma a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, inda Mil 12 da Agege suka shiga hannun Ikeja Electric.

Rayuwar da ake siffantawa ita ma ta sauya. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ciyar da janareta ya gagari mutane da dama, har wasu dillalan tumatir da albasa suka ɗora farantan sola a rufin gidajensu. Farantan na cika batir da rana, inbata kuma ta mayar da wutar irin wadda kayan gida ke sha, sannan a kai ta akwatin rarraba wuta da ke jikin bango, wanda tun asali yake haɗe da mitar kamfani.

A wannan akwati ne muke ganin labarin yake. Ƙa'ida ita ce a sa makunnin sauya layi, yadda wutar sola da ta kamfani ba za su haɗu ba. Idan maigida ya ji ƙyashin kuɗin makunnin, ko ya ɗauko yaron da bai ƙware ba, wutar gidansa na iya komawa kan turken titi ta halaka ma'aikacin da ya hau gyara bisa zaton layin a mace yake. In kuma kamfani ya dawo da wuta kwatsam, inbatar na iya ƙonewa. Ga kuma gidan haya mai ɗakuna barkatai: wa ya zuba kuɗi, ɗakin wa za a ja wa waya, wa ya jona dutsen guga a ɓoye batir ya mutu kafin asuba? Amana, rowa, maƙwabtaka da alhakin rai duk sun taru a waya ɗaya, amma marubutanmu sun wuce su.

Ba mu nemi marubuci ya zama injiniya ba. Abin da muke nema shi ne ya san abin da yake ba da labari a kai, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wanda zai rubuta Mil 12, ya je ya tsaya gaban akwatin nan, ya tambayi mai haɗa wuta, sannan ya ɗauki alƙalami.