Gambo Sawaba a Alƙalamin Marubuta

Wanda duk ya bi abin da aka rubuta game da Hajiya Gambo Sawaba tun rasuwarta cikin 2001, ko a jarida ko a littattafan makaranta, zai tarar magana ɗaya ce ke ta komowa, watau an ɗaure ta sau 16. Ba mu da niyyar yin jayayya da wannan lissafi. Abin da mu ke so mu duba shi ne irin ɓarnar da ya yi wa labarin, domin marubuci da zarar ya kawo shi, sai ya ga kamar ya sauke nauyi, ya wuce zuwa yabo.

Littafin da ya fi shahara a kan rayuwarta shi ne na Rima Shawulu, The Story of Gambo Sawaba, wanda ya fito cikin 1990 tana da rai. Ya cancanci godiya, don ya kama labarin tun mai shi tana iya faɗa da bakinta. Amma da Ingilishi aka rubuta shi, kamar littattafan Sklar da Dudley da Whitaker a kan jam'iyyun wancan zamani. Ita kuwa gwagwarmayar da Hausa aka yi ta, a bakin kasuwa, a zaure, a cikin gida wurin matan kulle, da gaban alƙali. Sa'ad da aka juya ta zuwa Ingilishi, kalmomin da aka yi faɗan da su sun zube a hanya, su ne kuwa ya kamata mu masu nazarin harshe mu tsince.

Mu ɗauki sunan da kansa. Hajaratu aka raɗa mata da aka haife ta cikin 1933, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye. Sawaba taken jam'iyyar NEPU ne, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mutane kuma suka san ta da Jam'iyyar Neman Sawaba. Mai fassara ya kan sa kalmar 'yanci a gurbin sawaba, ya wuce. Bahaushe kuwa ya san ba ɗaya ba ne. Sawaba ita ce sauƙin da ke zuwa bayan matsi, kamar na mai ɗauke da kaya in an taya shi saukewa. Talakan da ke fama da haraji da jangali da aikin tilas bai bukaci a yi masa bayanin ta ba. Ashe jam'iyyar ta zaɓi kalmar da ke nuna nauyin da ke bisa kan mutum, ba wani hakki da ke rubuce cikin takarda ba.

Kalma ta biyu ta fi wuyar faɗi, shi ya sa marubuta ke kauce mata, ita ce karuwa. A wancan zamani matar aure a birni tana kulle, don haka yawancin matan da ke iya fita taron jam'iyya, su yi waƙa, su dafa abinci, su tara kuɗi, mata ne masu zaman kansu, sau da yawa a ƙarƙashin magajiya. Haka abin ya ke ga NEPU, haka ga NPC. Amma kalmar ta zama sanda a hannun abokan gaba: macen da ta hau dandali ta yi magana, an sami sunan da za a rufe mata baki da shi, ko da aure gare ta ko babu. Marubucin da ya share wannan kalma don ladabi ya tsare mutuncin Gambo ita kaɗai, ya bar sauran matan cikin duhu, alhali su ne jikin reshen matan da ta shugabanta. A ganinmu kunya ce ta yi wa tarihi asara a nan. Su waɗannan mata sun sha duka, sun sha ɗauri, amma babu asibiti mai sunansu a Zariya.

Sa'an nan ga maganar ɗaurin. Lissafi ba ya faɗin wa ya ɗaure, da wace doka. Kafin dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta fara aiki cikin 1960, alƙalai da majalisun sarakuna ke yanke hukunci, kuma su da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e su ke. Izinin yin taro wurin En'e a ke nema, En'e kuwa ita ce ƙashin bayan jam'iyyar da a ke hamayya da ita. Lauya ba ya shiga ɗakin shari'ar alƙali. To, mai ƙara da mai kamu da mai shari'a da mai tsaron kurkuku duk gida ɗaya suka fito, Razdan da Di'o kuma suna tsaye bayansu. Ɗalibin da aka ba shi lamba 16 kawai zai ɗauka mace ce mai taurin kai ta gamu da mugayen mutane. In an nuna masa yadda aka shirya mulkin, zai gane ko alƙali mai kirki ne ba shi da wata hanya mai faɗi.

Akwai kuma abin da a kan ambata a layi ɗaya a wuce: mahaifinta mutumin Gana ne mai aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya, ta kuma tashi a Sabon Garin Zariya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Turawa sun raba garin bisa launi da asali, su a unguwarsu ta dabam, 'yan ƙasa a birni, baƙi a Tudun Wada da Sabon Gari. A irin wannan unguwa ta baƙi, inda Bayarabe da Banufe da Ibo ke cuɗanya da Hausa, a nan NEPU ta sami gindin zama. Cikin mutum takwas da suka kafa ta ma akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga Lardin Kabba. Ba mamaki Gambo ta tafi Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwa a kan haraji har Alake ya bar gadon sarauta na ɗan lokaci cikin 1949. Labarin da ya mai da ita jarumar Arewa tsantsa ya yanke wannan igiya.

Ƙarshen labarin ma a kan gyara shi ya yi daɗi fiye da yadda ya ke. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa ba su jefa ba, har Jamhuriya ta Farko ta faɗi cikin 1966 ba su samu ba. Sai cikin 1976 gwamnatin soja ta ba su, suka kuma shiga babban zaɓe cikin 1979. A lokacin NEPU ta yi fiye da shekara goma da rushewa, Gambo kuwa ba ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP ba, GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga.